Lauratu Maguɗiya da Rawar Bala'i

Duk amaryar da aka kai ɗakinta a Kurfi cikin shekarun nan, in dai ba a ɓoye aka kai ta ba, to muryar Lauratu ce ta raka ta. Lauratu maguɗiya ce. Ba ta kiɗa, ba ta waƙa, ba ta roƙo, kuma in ka kuskura ka haɗa ta da zabiyoyi sai ka yi kwanaki kana gaisuwa ba a amsa maka ba. Aikinta guda ne: ta tsaya inda ake murna, ta kama hanci da yatsu biyu, ta ɗaga kai sama, ta rangaɗa guɗar da za ta watsa kajin unguwa, ta tashi jarirai daga barci, ta sa na bakin kasuwa su riƙa tambayar juna gidan wa ake biki. 'Yar ƙaramar mace ce, siririya, kullum da goro a kumatu. Baƙo in ya gan ta ba ya yarda ita ce, sai ta yi a gabansa ya ja da baya.

A Tamawa aka haife ta, gidan manoma, kuma ba gadon guɗa ta yi ba. Tana 'yar yarinya aka tura ta korar tsuntsaye a gonar gero. Sauran yara na zagaye suna kaɗa gwangwani suna jifa, ita kuwa ƙiwuya ta hana ta barin inuwa, sai ta gano cewa in ta toshe hanci ta callara ƙara daga inda take zaune, babu tsuntsun da ke sake sauka. Geron babanta ya tsira a shekarar. Na maƙwabta ne ya sha wuya, domin can tsuntsayen suka koma. Daga gona aka ja ta gidan suna, daga gidan suna aka ja ta gidan biki, shi ke nan ƙiwuya ta zama sana'a.

Aure ne ya kawo ta Kurfi, gidan Malam Rabe, manomi mai sanyin hali wanda kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Shi yakan ce wannan kunnen shi ne cikon sadakin da ya biya, domin ta wannan ɓangaren Lauratu ta tsaya ranar da aka ce musu saniyarsu ta haifi tagwaye.

Akwai abin da Lauratu take taƙama da shi fiye da muryar ma: tun da take ba ta taɓa biyan kuɗin shiga wani wuri ba. Ko wasan 'yan koroso ne, ko wasan kwaikwayon 'yan makaranta, ko wani mawaƙi ne ya sauka aka kewaye fili da zana, mai ƙofa in ya hango ta sai ya matsa gefe, don ya san taron da babu guɗa bai cika taro ba. Ita a ganinta ma kuɗin ƙofa rashin kunya ne tsagwaronsa. Kallo, in ji ta, ba a biyansa kafin a gani. In rawa ta yi kyau ka tashi ka liƙa wa mai rawa kuɗi a goshi kowa ya shaida, in ba ta yi ba ka kaɗe zanenka ka kama hanya. Wanda ya tare ka a ƙofa ya karɓe tun ba ka ga komai ba, shi kansa bai yarda da rawarsa ba. Ni ma dai, in za a tambaye ni, ban ga inda ta yi kuskure ba.

Amma duk wannan baki na Lauratu, akwai inda yake mutuwa, wato a gaban autanta Nu'uman. A bayanta ya girma, daga wannan biki zuwa wancan, kunnensa manne da haƙarƙarinta tana guɗa. Yana aji uku a firamare, ranar da hedimasta ya tara yara ya ce an ba da hutu, murna ta kwashe yaron, ya kama hanci ya rangaɗa guɗa a tsakiyar layin maza. Ba irin ta wasan yara ba, guɗa cikakkiya, har matar da ke sayar da awara a bakin makaranta ta leƙo ta ga wa aka aurar. Makaranta ta kwashe da dariya, malamai ma sai da suka juya baya suna riƙe ciki. Daga ranar sunansa ya koma Ayyiriri. Sunan ya bi shi sakandare, ya bi shi filin ƙwallo, har wata yarinya da ya fara so ta taɓa kiransa da shi a gaban ƙawayenta.

Tun daga nan Nu'uman ya ja jiki. Yana son uwarsa, wannan babu shakka, ba ya zuwa gida hannu biyu, amma a gida yake son ta. Bai taɓa gayyatarta wani taro na makarantarsa ba. Da ya gama karatu ya samu aikin koyar da wasan kwaikwayo a wata makarantar gaba da sakandare a Dutsin-Ma, abokan aikinsa sun san babansa manomi ne, ba su san komai game da innarsa ba. Lauratu ta lura, kuma abin yana cin ta ƙwarai. Matar da duk Kurfi ke aika wa goro don ta zo, ɗan da ta haifa ne kaɗai ke addu'ar kada ta zo.

Wata safiya ƙawarta Adama, mai sayar da daddawa, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Lauratu, ke ko kin ji abin da autanki ya jajibo ma mutanen Dutsin-Ma? Rawar bala'i!"

"Rawar mi?"

"Bala'i. Da kunnena na ji motar shela tana faɗi. Wai daga Ikko aka ɗauko su, kuma wai bisa kan yatsun ƙafa suke yin ta, ba su taka ƙasa kamar mutane. Kuma sai ka biya ka shiga."

Gaskiyar maganar ita ce, wasu matasa ne masu rawar Turawa da ake ce wa bale suke zagaya garuruwa, Nu'uman ya yi ta naci wurin shugaban makarantarsu har aka yarda su biyo ta Dutsin-Ma, ya kuma ɗauki alkawarin cewa mutane za su zo, za su ji daɗi. Mai shela ya faɗi sunan daidai. Lasifikarsa ce ta tsage, kunnuwan kasuwa kuwa da suka ji kalmar da ba su sani ba sai suka gyara ta zuwa wadda suka sani. Kafin wannan gyara babu wanda ya kalli tikiti. Bayan gyara, har daga Makera da Shema aka riƙa aiko a saya. Nu'uman ya so ya sake tura mota a warware maganar, amma Dalhatu, tsohon ɗan damben da aka ɗauko ya tsare ƙofa, ya ce masa, "Malam, don Allah ka bar mana bala'in nan yadda yake, shi ke saida tikiti."

Da Nu'uman ya zo gaida iyayensa a ƙarshen mako, Lauratu ta jira ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Auta, ni ma za ni kallon bala'in nan naka."

Ruwan ya sarƙe shi. Da ya gama tari ya ce, "Inna, wannan fa ba irin namu ba ne. Shiru ake yi. Ba a magana, ba a liƙi, ba a shiga fage. Sai an gama a tafa."

"A tafa kawai? Kamar 'yan firamare?"

"Haka tsarinsu yake. Kuma Inna," ya sunkuyar da kai yana murza hula, "ba a guɗa."

"To."

"Kin ga bisa yatsu suke tsayawa. In aka firgita su sai wani ya karye."

Lauratu ta dube shi. Ta san ba ƙafar 'yan Ikko yake tausayi ba. Ta ce ta ji, ba za ta yi ba. Shi kuwa ya san halin uwarsa, ya san guɗa ba ta neman izininta kafin ta fito, sai ya yi abin da bai kamata ɗa ya yi ba, ya ce sai dai in za ta rantse. Malam Rabe da ke gefe yana gyaran ƙotar fartanya ya juyo da kunnensa mai ji.

Ran Lauratu ya ɓaci, amma ba ta nuna ba. Ta tofar da goro ta ce, "Wallahi tallahi, in na shiga ɗakin nan ba ni yin guɗa har in fito."

"Na shaida," in ji Malam Rabe. "In ta kuɓuce maki, azumin kaffara ya hau kanki, babu ruwana."

Nu'uman ya ji kunya ta rufe shi, ya ce zai sa a shigo da ita ta ƙofar gefe, ba sai ta biya ba. Ta ce a'a. Ta ce bakinta ne ke shigar da ita wuri kyauta, tunda an ɗaure bakin, yanzu ita 'yar kallo ce kamar kowa, 'yar kallo kuwa biya take yi. Washegari ta kama zakaranta ja, wanda take tanadi don salla, ta aika da shi kasuwa.

Ranar wasa bayan la'asar aka sa, don kowa ya koma gida da ido, ganin yadda hanya take a yanzu. Lauratu da Adama suka sauka daga mota suka tarar da layi har bakin titi. Dalhatu na hango ta ya washe baki ya ture mutane gefe.

"Gwaggo Lauratu! Wuce abinki."

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa kuɗi. Ya dubi kuɗin, ya dube ta, ya ce, "Gwaggo, ki rufa man asiri, mi na yi maki?"

"Karɓi ka ba ni takardar, ɗan nan, ina da sauri."

Ya karɓa yana waige-waige kamar wanda ke sata. Ya ciro tikiti, sannan ya yi abin da yake yi wa kowa, ya yaga shi biyu ya miƙa mata rabi. Lauratu ta tsaya cak.

"Dalhatu, yanzun nan na saya, ka yaga man a gaban idona?"

"Haka ake yi, Gwaggo."

"To rabin kallo zan yi ke nan? Ba ni ɗayan."

Da ƙyar Adama ta ja ta ciki tana waiwaye tana cewa zakara guda ta sayar, ba rabin zakara ba.

Ɗakin taron ya cika maƙil, maza a dama, mata a hagu. Duk da an ce ba a liƙi, kusan kowane magidanci ya zo da 'yan canji a aljihu, don ba a san abin da hali zai yi ba. Nu'uman ya hau dandamali cikin farar shadda ya yi bayani: a kashe waya, a yi shiru, kada kowa ya tashi, in an gama a tafa. Ya dubi manyan baƙi a layin gaba, ya dubi ɓangaren maza, ya dubi silin. Ɓangaren mata ne kaɗai idonsa bai sauka ba. Lauratu ta gyara zama a kujerarta ta bakin dandamali, ta ce a ranta, ba komai.

Aka saki kiɗa daga na'ura, wani abu mai kama da goge da yawa a haɗe, babu ganga ko ɗaya. Wani dattijo ya miƙa wuya ya ce, "Ina makaɗan suka ɓuya?" Sai ga masu rawa sun fito cikin fararen kaya, dogaye har idon sawu, 'yan matan da ɗaurin kai, domin Nu'uman ya sha fama da su a kan wannan tun kafin su taso. Suka ɗage bisa kan yatsu suka fara 'yan taku ƙanana da sauri.

"Siminti ya yi zafi ne?" in ji wani daga baya.

"Ƙaya ce. A share masu wurin mana!"

Adama ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, ɗiyan mutane. Lauratu, dubi ƙafafu, waɗannan ba a ba su abinci."

Aka yi ta cewa shhh, mai cewa shhh ya fi mai maganar ƙara. Ana cikin haka wani saurayi a cikin masu rawa ya kama wata yarinya ta ƙugu ya ɗaga ta sama. Ɓangaren maza ya ɗauka gaba ɗaya, "A'a! A'a!" Dattijon nan ya buga sanda ya ce, "Matatai ce?" Wani mai saurin tunani, Allah ya saka masa, ya amsa daga tsakiya, "Ƙanwarsa ce, Baba, uwa ɗaya uba ɗaya." Hankali ya kwanta. Daga nan duk wadda aka ɗaga sai a ce ai duk 'yan gida ɗaya ne.

Rawa ta yi nisa, mutane suka fara motsi. Ba wai ba ta burge su ba, a'a, jira suke yi. Sun biya kuɗin ganin bala'i, kuma har yanzu babu wanda ya faɗi, babu wanda ya haɗiyi wuta, ko takobi ba a zaro ba. Kowane sabon fitowa sai a ce to ga shi nan, sai kuma a ga an sake komawa kan yatsu.

Lauratu da niyyar raini ta zo, ta ma tanadi maganganun da za ta kai Kurfi. Amma mace ce da ta ƙare rayuwarta a bakin fage, ta san bambancin mai rawa da mai tsalle. Akwai wata doguwar yarinya baƙa a cikinsu, ita ce babbarsu. Da aka bar ta ita kaɗai, sai ta tsaya bisa yatsun ƙafa ɗaya ta fara juyawa. Ta juya, ta sake juyawa, ta yi ta juyawa ba ta gusa daga inda take ba, rigarta ta buɗe kamar faifai. Lauratu ta ji wani abu ya taso mata daga cibiya. Kafin ta ankara yatsunta biyu sun kai hanci.

Adama ta buge hannun. "Kaffara!"

Lauratu ta zauna a kan hannun dama. Na hagu ya tashi. Ta cusa gefen mayafi a baki ta datse da haƙora, sannan ta zauna a kan na hagun shi ma. Guɗar ta kai maƙogwaro ta rasa hanya, ta koma ta fito ta ido. Tun da aka haife ta ba ta taɓa shan azaba irin ta wannan zama ba, kuma da kuɗinta ta saya.

Rawar ƙarshe yarinyar nan ce ta yi, a matsayin tsuntsuwar da maharbi ya harba. Ta yi ta kaɗa hannuwa suna raunana, ta durƙusa a hankali, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta kifa kanta a kai. Kiɗa ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. An ce wa mutane su yi shiru sai an gama, amma babu wanda ya gaya musu yadda za su gane an gama. A wurinmu ganga ce ke kashe rawa, kowa ya ji ta faɗi. Nan kuwa goge ne kawai ya sirance ya ɓace. Shugaban makaranta da manyan baƙinsa suka ɗan tafa, tafin ya ji shi kaɗai ne, ya mutu.

"Suma ta yi ne?" in ji wata mata.

"A kawo ruwa!"

Sai wani ƙato daga Makera ya miƙe tsaye. "Wai shi ke nan bala'in? Yarinya ta kwanta? A maido mana kuɗinmu!"

Maganar ta samu magoya baya nan take. Kujeru suka fara ƙara, maza suka doshi ƙofa inda Dalhatu ya riga ya naɗe hannun riga. Shugaban makaranta ya waiwaya yana neman Nu'uman da wani irin kallo. Yarinyar kuwa tana nan kife, don a tsarinsu ba ta tashi sai an tafa. Daga inda Lauratu take tana ganin bayan yarinyar yana kakkarwa.

A lokacin ne labulen gefe, dab da ɓangaren mata, ya ɗan buɗe. Nu'uman ya leƙo, gumi ya jiƙa masa shadda. Karo na farko a ranar ya nemi idon uwarsa, ya same shi. Ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa hancinsa, ya langaɓe kai.

Lauratu ta gane sarai. Tausayinsa ya kama ta har cikin ƙashi, ga tausayin 'yar mutane da ke kife a siminti. Amma ta yi rantsuwa, kuma shi ya sa ta. Ban da haka, ta san in ta yi yau, gobe ma ita ce za a ɓoye a bayan gida, sai ranar da abu ya ɓaci a leƙo ta labule a taɓa mata hanci. Ta zaro hannu daga ƙarƙashinta, ta ɗaga masa rabin tikitinta ya gani da kyau, ta mayar da ido kan silin. Labule ya rufe.

Ƙaton Makera ya kai ga Dalhatu ke nan sai guɗa ta tashi.

Ta cika ɗakin ta bugi kwano ta dawo, ba ka iya cewa ga inda ta fito. Doguwa ce, mai kaifi, ta ɗan karye a tsakiya kamar za ta mutu, sannan ta sake hawa ta murɗe a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Kurfi ya san wannan karyawar da wannan murɗawar, kuma ya san mutum ɗaya ke yin su. Adama ta juyo a fusace za ta ce kaffara, sai ta ga bakin Lauratu cike da mayafi. Adama ta buɗe baki za ta yi magana. Lauratu ta mintsine ta a cinya.

Abin da shelar Nu'uman ta kasa gaya wa mutane, guɗa ta gaya musu: an gama, kuma abin ya yi kyau. Matan ɗakin suka amsa da tasu, mai iyawa da marar iyawa. Mazan da suka doshi ƙofa suka tsaya, suka juyo, hannuwa suka shiga aljihu. Dokar hana liƙi ta bi iska. Yarinyar ta ɗago kai a tsorace ta ga jama'a sun yo kanta, kafin ta miƙe an manna mata kuɗi a goshi, gumi ya riƙe su. Ta dubi 'yan uwanta, ta dubi kuɗin, ta fashe da dariya tana share ido. Ƙaton Makera da ke neman a mayar masa da nasa shi ya fi kowa zazzage aljihu. Dattijo mai sanda ya hau dandamali ya gwada tsayawa bisa yatsu, aka tare shi kafin ya kai ƙasa, mutane suka ce to ga bala'in nan an gani.

A waje kowa sai ya biyo ta wurin Lauratu. "Gwaggo, yau ke kika fidda mu kunya." "Lauratu, muryar nan ba ta tsufa." Ba ta ce ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba, sai dai ta ce Allah ya rufa asiri. Ta hango Nu'uman can nesa shugabansa ya riƙe masa hannu yana yabonsa. Bai iya dubanta ba, ita ma ba ta matsa ba.

Labari ya riga ta isa Kurfi. Malam Rabe na zaune a zaure, ya ce, "Na ji. Rantsuwa ba wasa ba ce, Lauratu. Gobe sai ki tashi da azumi."

Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Amma ta san in ta faɗa, kafin a yi kiran magariba Ayyiriri ya dawo duniya, wannan karon da gemu da mata da ɗalibai. Ta ce to. Washegari Lauratu, wadda ba ta iya awa guda babu goro, ta wuni baki a bushe tana zagin kaji.

Adama ce cikinta ya kasa riƙewa. Ta ari waya ta kira Dutsin-Ma ta ce, "Nu'umanu, ni dai ban san komi ba, ban ga komi ba. Amma uwarka na azumin guɗa, ni kuwa na ga bakinta cike da mayafi. Sai an jima."

Kashegari da rana babur ya tsaya a ƙofar gida. Nu'uman ya shigo ya tarar da babansa a tsakar gida yana ɓare gyaɗa, innarsa na kwance a tabarma ta ɗaure kai. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya juya wurin babansa.

"Baba, Inna ba ta karya rantsuwa ba. Ni na yi."

Malam Rabe ya juyo da kunnen dama. "Ka yi mi?"

"Guɗar."

Tsohon ya yi dariya har gyaɗa ta zube. "Kai, Auta! Za ka ceci uwarka da ƙarya? To sai ku haɗu ku yi azumin tare. Muryar da ta cinye man kunne ce za a ce ban sani ba? Kowa ya ce tata ce."

"Malam, ƙyale shi," in ji Lauratu daga kwance. "Auta, tashi ka koma wurin aikinka. Azumi bai taɓa kashe kowa ba."

Nu'uman ya dubi ƙofar zaure da ke buɗe. Ya dubi katangar maƙwabta, wadda ko yaro ya yi ɗage zai leƙo. Ya dubi leɓunan uwarsa da suka bushe. Sannan ya miƙe tsaye a tsakiyar gidan, da rana tsaka, ya cire hula ya ajiye a kan turmi, ya kama hanci da yatsu biyu, ya ɗaga kai sama.

Kaji suka watse. Akuya ta tsinke igiya. Malam Rabe ya dafe kunnen dama yana salati yana cewa shi ke nan, wannan ma ya tafi. Lauratu ta tashi zaune, ɗaurin kanta ya zame ba ta sani ba.

"Ka yanke ta da wuri," ta ce. "A ƙarshe ja ake yi kafin a murɗe."

Ba ta rufe baki ba matan unguwa suka fara kwararowa ta zaure, wata da muciya a hannu, wata da ɗa a kafaɗa, Adama a gaba tana haki. Suka ga Nu'uman tsaye babu hula, yatsunsa har yanzu a hanci, bai kuma sauke su ba.

"Lafiya? Lauratu, wa ya haihu a gidan nan?"

Lauratu ta share ido da gefen zane, tana dariya.

"Ni ce," ta ce. "Namiji ne."